Dalilin Zubewar Tsokar Ƙarfafan Mutane In Sun Tsufa

Bayani domin hakimai da malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Kano, musamman na gundumomin da ke kusa da kogin Watari, watau Bagwai da Bichi da Dawakin Tofa da maƙwabtansu. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na bin gona, ba a barin fili ya huta, kuma yawancin abin da a ke ci a cikinta da ƙarfin damtse a ke samo shi. Saboda haka duk abin da ya taɓa ƙarfin mutane ya taɓa arzikin gunduma.

Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da wani dattijo wanda a da can a ke kwatance da shi wajen ƙarfi, amma yau fatar damtsensa ta saki, cinyoyinsa sun sirance, ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Mutane su kan yi mamaki, su ce yaya mai irin wannan ƙira ya zube haka. Waɗansu su kan ce sammu ne, waɗansu su ce tsokarsa ce ta narke ta koma kitse, waɗansu kuwa su ce wahalar ƙuruciya ce ta tambaye shi. Likitoci sun bincika al'amarin nan shekaru da yawa, sun kuwa gano cewa zubewar iri biyu ce. Akwai wadda tsufa ke kawowa tilas, a hankali ta ke zuwa. Akwai kuma wadda barin aiki da kwanciyar jinya da ƙarancin abinci ke kawowa, ita ce mai sauri, ita ce kuma a ke iya tarewa.

Su wane ne masu ɗaga nauyi a ƙasar nan

A ƙasashen Turai da Amurka ɗaga ƙarfe wasa ne, har a kan yi gasa a kansa. Samarin birnin Kano da na manyan garuruwa ma sun ɗauki wasan, su kan zuba siminti cikin gwangwani biyu su haɗa da sandar ƙarfe su riƙa ɗagawa. Amma tun kafin wannan, ƙasar Hausa na da nata masu ɗaga nauyi, waɗanda sana'a ce ta gina jikinsu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya haɓaka, 'yan dako su ne su ka riƙa hawa da buhuna a ka suna gina dalar gyaɗa, har lokacin da fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su ka karya noman. Yau ma a kasuwar hatsi ta Dawanau, cikin ƙasar Dawakin Tofa, ɗan dako ya kan saɓi buhu mai nauyin kilo 100 ya hau da shi mota. Ga maƙera masu bugun masaba, ga magina masu jifan tubali, ga masu haƙar rijiya, ga manomi mai huɗa da garma tun hantsi har azahar. Ga kuma 'yan dambe da 'yan kokawa, irin su Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da kuma na ƙasar Nijar da ke gasar takobi tun 1975. Mata ma ba a bar su a baya ba, gama daka da surfe da jan guga aikin ƙarfi ne sosai. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi waɗannan duka, domin tsoka ba ta bambanta nauyin ƙarfe da na buhu.

Yadda tsoka ta ke

Wanda ya taɓa yagar dafaffen nama ya ga yadda ya ke rabuwa sili-sili. Haka tsokar mutum ta ke: zarurruka ne dubu ɗaruruwa a haɗe wuri guda kamar igiyar rama, kowane zare kuwa ya fi gashi siranta ko ya yi kusa da shi. Zaren nan iri biyu ne. Akwai mai haƙuri, wanda ba shi da saurin gajiya, shi ke aiki wajen tafiya da tsayuwa da noma na sannu-sannu. Akwai mai zafin nama, wanda ke ba da ƙarfi mai yawa farat ɗaya sa'an nan ya gaji, shi ke aiki sa'ad da ɗan dako ya cira buhu daga ƙasa, ko ɗan dambe ya kai naushi, ko mutum ya yi tuntuɓe ya yi wuf ya tare kansa. Kaurin ƙwanjin ƙaƙƙarfan mutum galibi daga kaurin zare mai zafin nama ya ke.

Zare ba ya motsi da kansa. Umurni na fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta lakar baya, daga nan siraran jijiyoyi su kai shi ga tsoka. Kowace jijiya tana da nata rukunin zarurrukan da ta ke kai wa saƙo, kamar yadda kowane jakada ya ke da nasa ƙauyuka.

Abu na uku da ya kamata a sani shi ne, tsoka kullum cikin rushewa da ginuwa ta ke. A kowace rana jiki na warware kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na furotin ɗin tsoka, watau sinadarin da a ka gina ta da shi, ya sake gina wani daga abincin da a ka ci. Misalinta misalin katangar ƙasa ce, damina na zaftarewa, maigida na yaɓe. In yaɓe ya yi daidai da zaftara katanga ta tsaya, in ya gaza ta riƙa sirancewa. Abu biyu ke sa jiki ya yi wannan yaɓe: aikin da ya matsa wa tsoka, da abinci mai gina jiki.

Abin da tsufa ke ɗauka tilas

Daga shekara 30 zuwa gaba, mutum ya kan rasa tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuwa abin ya kan ƙara sauri. Wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya laƙaba wa wannan hali suna a 1989, ya kira shi sarkofiniya, daga kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar talaucin tsoka. A 2016 a ka ba shi lambarsa cikin jerin cututtukan da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Dalilansa huɗu ne.

Na fari, yawan zaren kansa na raguwa. A ƙasar Suwidin wani masani, Jan Lexell, da abokan aikinsa sun ƙidaya zaren tsokar cinya ta maza 43 da su ka rasu tsakanin shekara 15 da 83, su ka buga sakamakon a 1988. Sun tarar faɗin tsokar ya ragu da kamar kashi 40 cikin 100 tsakanin shekara 20 da 80, kuma babban dalili shi ne fiye da sulusin zaren ya ɓace ɗungum.

Na biyu, jijiyoyin da ke kai saƙo suna mutuwa, wannan kuwa shi ne tushen na farin. Wani bincike da a ka yi a Ingila a 1977 ya nuna cewa yawan jijiyoyin laka masu motsa ƙafa ba ya canjawa sosai kafin shekara 60, amma daga nan ya kan yi ta raguwa, har a waɗansu tsofaffi a ka tarar saura rabi. In jijiya ta mutu, zarurrukanta sun zama kamar ƙauyen da jakadansa ya rasu. Wani lokaci jijiyar da ke maƙwabtaka ta kan miƙo reshe ta riƙe su, sai su rayu, amma aiki ya yi wa jijiya ɗaya yawa, motsi ya rage daidaito. Waɗanda ba su sami mai riƙo ba su kan shanye su mutu, kitse da tauri su maye wurinsu.

Na uku, zare mai zafin nama ya fi saurin sirancewa bisa ga mai haƙuri. Shi ya sa tsohon ɗan kokawa ya kan iya tafiya kasuwa mai nisa a ƙafa, amma ya kāsa tsallake ƙaramin kwazazzabo. Saurin ƙarfi ke fara tafiya, sa'an nan ƙarfin kansa, kauri kuwa shi ke bin baya. Saboda haka ƙarfi na raguwa fiye da yadda ido ke gani a jiki.

Na huɗu, jikin tsoho ba ya amsa kiran abinci kamar na yaro. Ɗan abinci mai gina jiki kaɗan ya isa ya ta da ginin tsoka a jikin saurayi, amma dattijo sai ya ci kusan ninkinsa a zama ɗaya kafin gini ya kankama. Har wa yau sinadarin mazantaka da ke cikin jini, wanda ke taimakon tsoka, ya kan ragu da kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara daga tsakiyar rayuwa. Mata kuwa su kan ga raguwar ƙarfi bayan ɗaukewar al'ada.

Ko ƙarfin ƙuruciya yana da amfani?

Za a iya tambaya, in haka ne, me ƙaƙƙarfan mutum ya ci riba? An amsa wannan da gwaji. A 2002 masana a Ingila sun buga sakamakon auna masu ɗaga ƙarfe 54, 'yan shekara 40 zuwa 87, waɗanda su ka shiga gasar duniya ta dattawa a 1999, a ka gwada su da sa'o'insu masu lafiya da ba sa wasan. An tarar ƙarfin ɓangarorin biyu na raguwa da sauri kusan ɗaya, fiye da kashi 1 cikin 100 kaɗan a shekara. Watau ɗaga ƙarfe bai tsai da tsufa ba. Amma a kowace shekara masu ɗaga ƙarfen sun fi sa'o'insu da kusan sulusi, har ya zama ɗan shekara 85 a cikinsu daidai ya ke da ɗan shekara 65 na waje. Ribar shekara 20 ke nan.

A ƙasar Danmak ma, a 1990, an gwada dattawa 'yan kusan shekara 70 iri-iri. Waɗanda su ka daɗe suna aikin ɗaga nauyi an tarar kaurin tsokarsu da ƙarfinta sun yi kama da na samari, amma masu gudu da masu iyo ba su sami wannan ba. Tafiya tana gyara zuciya da numfashi, amma zare mai zafin nama ba ya farkawa sai an ba shi nauyi.

A lura da abu guda: mutanen nan da a ka auna ba su daina ba, suna kan aikinsu har tsufa. Wanda ya tara ƙarfi da ƙuruciya kamar mai cikakken rumbu ne, zai daɗe bai ga gindinsa ba, amma in ya daina noma ya ci gaba da ɗiba, rumbun zai ƙare. Kuma da ya ke tsokar ƙaƙƙarfan mutum ta kai kaurinta ne saboda nauyin da ta saba ɗauka, da zarar an janye nauyin sai jiki ya daina ciyar da abin da ba a aiki da shi. Wannan ne dalilin da ya sa zubewar ƙato ta fi ta kowa fitowa fili.

Abin da zama da jinya ke ɗauka

A ƙasar nan in maigida ya manyanta, 'ya'yansa su kan karɓe fartanya daga hannunsa, su ce Baba ya huta. Niyya ce kyakkyawa, girmama iyaye kuwa wajibi ne. Amma in hutun ya zama zaman dakali daga safe har magariba, to an cuce shi ba da sani ba. Haka ɗan dakon da ya sami yaran da ke yi masa lodi, da ɗan damben da ya kwance zare ya koma zaman rumfa, da tsohuwar da injin niƙa da surukai su ka raba ta da taɓarya. Cikin 'yan watanni a kan ga canji.

Kwanciyar jinya ta fi wannan muni. A 2007 likitoci a Amurka sun kwantar da dattawa masu lafiya, waɗanda shekarunsu ke wajen 67, kwana 10 ba tashi, ana ba su isasshen abinci. A matsakaici sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu, ƙarfin gwiwa kuma ya ragu da kamar kashi 16 cikin 100. A wani gwaji da a ka yi kafin wannan, matasan da su ka kwanta kwana 28 ba su rasa ko rabin kilo daga ƙafafunsu ba. To, in mai lafiya ya yi wannan hasara, ina ga wanda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko ciwon haƙarƙari ya kayar, ga shi ba ya cin abinci? Saurayi ya kan mai da abin da ya rasa da ya koma gona. Dattijo kuwa sau da yawa ba ya mayarwa, domin daga tashi jinya a kan ce kada ya ƙara taɓa aiki. Ta haka zubewa ke zuwa hawa-hawa: kowace jinya ta sauke shi mataki guda, ya zauna a nan har wata ta zo.

Tsofaffin raunuka su ma suna da nasu rabo. Mai ɗaukar kaya a ka shekara talatin ya kan gamu da ciwon wuya da na ƙugu da na gwiwa, ɗan dambe kuwa da ciwon kafaɗa. Gaɓar da ke ciwo mutum ya kan ƙi mora ta, tsokar da ke kewaye da ita sai ta sirance, in ta sirance kuwa gaɓar ta rasa abin da ke tallafe ta, ciwo ya ƙaru.

Game da zancen cewa tsoka na komawa kitse, wannan ba haka ba ne, gama halittarsu dabam-dabam ce, ɗaya ba ta zama ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, ƙaƙƙarfan mutum ya saba da cin tuwo mai yawa saboda aikinsa, in ya bar aikin bai rage malmala ba, sai tsoka ta ragu a gefe guda, kitse ya taru a ciki har ya kutsa tsakanin zaren tsoka. Irin wannan mutum nauyinsa bai ragu ba, ana ganinsa da teɓa a ce yana cikin jin daɗi, alhali ƙafafunsa sun fara kāsa ɗaukarsa. Tsoka ita ce babbar ma'ajiyar sukarin jini, don haka raguwarta na buɗe ƙofa ga ciwon sukari, shi kuma ciwon sukari na ƙara cin tsoka.

Abinci

Masana harkar tsufa sun ba da shawara a 2013 cewa dattijo mai lafiya ya riƙa samun furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 72. Gero da dawa suna da kamar giram 10 ko 11 cikin giram 100 na busasshen hatsi, don haka tuwo da miyar kuka kaɗai da wuya su cika wannan, balle ga wanda cinsa ya ragu. Busasshen wake yana da kamar giram 23 cikin 100, gyaɗa 25, waken soya ya haura 35, ɗanyen nama wajen 20. Ƙwai guda yana da kamar giram 6, kofin madara ko nono kamar 8.

Ashe maganin yana cikin gonakin ƙasar nan, inda a ke haɗa wake da gyaɗa cikin gero da dawa tun kaka da kakanni. Matsalar ita ce haƙori da rabo. Tsohon da haƙoransa su ka zube ya kan bar nama da ƙuli-ƙuli ya koma koko da kunu tsinkakke. Sai a sarrafa masa abin da zai iya ci: alale, ƙosai, faten wake, ɗanwake, awara, kunun gyaɗa, fura da nono mai kauri, dambun nama, da dakakken busasshen kifi ko garin ƙuli-ƙuli cikin miya. Ya fi kyau a raba masa wannan sau uku a yini bisa ga a tara masa da dare. Da azumi a tabbata ya sami irinsa wajen sahur da buɗa baki. A kula ƙwarai da tsakiyar damina, sa'ad da aiki ya yi yawa rumbu kuwa ya yi ƙasa, da kuma tsofaffin matan da mazansu su ka rasu, waɗanda su kan ba jikoki nasu rabon. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne ba zai ƙara irin wannan abinci ba sai da izinin likita.

Ana iya mai da abin da ya tafi

Zaren da ya mutu ba ya dawowa, amma wanda ya rage yana iya yin kauri ko da shekaru sun yi nisa. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone ta gwada haka a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum 10 ta ɗauka, 'yan shekara 86 zuwa 96, raunana ƙwarai, a ka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako, har mako 8. Tara da su ka kai ƙarshe ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, kaurin tsokar cinya ya ƙaru da kashi 9, tafiyarsu ta yi sauri. Amma da a ka dakatar da aikin mako 4, kusan sulusin ƙarfin ya sake tafiya.

Dattijon ƙauye ba ya bukatar kayan Turai domin wannan. Ya zauna bisa kujera ya miƙe sau 10, ya huta, ya sake, har zagaye uku. Ya dafa bango ya yi ɗage bisa yatsun ƙafa. Ya ɗauki jarkar ruwa wadda ba a cika ba, ko ƙaramin buhu mai 'yan tiyoyin hatsi, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan in ya saba. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Ƙa'idar ita ce nauyin ya gajiyar da shi bayan ɗagawa 8 zuwa 12, amma kada ya jawo zafi a gaɓa ko a ƙirji, kada kuma ya riƙe numfashi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Tafiya masallaci a ƙafa, da ruku'u da sujada ga mai iyawa, suna riƙe ƙafafu ƙwarai. A ƙasar Bagwai kuwa, tun da a ka gama madatsar ruwa ta Watari a 1980, noman rani ya samar da ƙananan ayyuka irin su dashe da cire ciyawa da juya ruwa, waɗanda za su hana dattijo zaman wata shida ba motsi.

Alamomin da za a duba

Malamin hakimi ko ma'aikacin ɗakin shan magani na iya gwaji biyu ba tare da kuɗi ba. Na ɗaya, a sa dattijo ya harɗe hannuwa a ƙirji ya tashi daga kujera ya zauna sau 5. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kāsa sai da dafawa, ƙarfinsa ya yi ƙasa. Na biyu, a auna kaurin sha-raɓarsa da awon tela, in bai kai santimita 31 ba tsoka ta ragu. Yawan faɗuwa, da sanyin riƙo wajen musafaha, da jan ƙafa wajen tafiya duk alamomi ne. Faɗuwa ita ce abin tsoro, gama karayar ƙugu ga tsoho ta kan kai shi ga kwanciyar da ba ya tashi. Irin wannan karaya a hanzarta kai ta asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano tun 1959.

Amma fa kada a ɗora wa tsufa kowace rama. Zubewar tsufa a hankali ta ke zuwa, ta kuma shafi gefe biyu daidai. In gefe ɗaya ya mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, shanyewar jiki ce, a kai shi asibiti nan take. In rama ta zo cikin 'yan watanni tare da tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, a gwada tarin fuka. In da yawan ƙishirwa da fitsari, a gwada sukari.

Abin da a ke roƙon hakimai

1. Su bayyana wa dagatai da masu unguwanni da limamai abin da ke cikin wannan takarda, domin ya isa ga masu gida da matan aure, su ne masu rabon aiki da abinci.

2. Su gargaɗi jama'a cewa in dattijo ya manyanta a rage masa aiki, kada a raba shi da shi. A bar masa ɗan gayauna kusa da gida, ko kiwon tumaki, ko wani sashe na sana'arsa.

3. Su sa a gane cewa mai jinya, da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi, a tsai da shi, a taka da shi kowace rana, bayan ya warke kuma a ƙara masa wake da nono da ƙwai har ƙarfinsa ya komo.

4. Su yi magana da sarakunan dambe da na kokawa da shugabannin 'yan dako da na maƙera, su ja kunnen yaransu kan ƙwayoyi. Tramadol na ɓoye ciwo ne har mutum ya ɓata gaɓarsa bai sani ba. Ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone suna kumbura fuska da ciki, amma cin tsokar cinya da ƙashi su ke yi.

5. Su hana zargin maita da sammu a kan ramar tsofaffi, gama irin wannan zargi na raba zumunta, yana kuma jinkirta zuwa asibiti.

6. Malamai su riƙa rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su a kowane ƙauye, da waɗanda su ka faɗi ko su ka karye, su miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma tuna da su wajen rabon zakka da taimakon gayya.

Tsufa ba shi da magani, kuma ba wanda zai ɗauki buhu yana ɗan shekara 80 kamar yadda ya ɗauka yana ɗan 30. Amma tsakanin dattijon da ke zuwa masallaci da kasuwa da ƙafarsa da wanda sai an ɗaga shi an kwantar, sau da yawa bambancin ɗan aiki ne na kullum da kwanon wake. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfin kowane gida ba. Allah ya ba iyayen ƙasa ikon isar da wannan bayani ga talakawansu, amin.